Rijiyar Nomau

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu biyu, inda rafi ke ƙafewa tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, dabbobi sun daɗe da gane cewa mai son ganin damina da ransa sai ya nemi ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Don haka haƙar rijiya ta zama sana'a mai daraja a wurinsu, irin darajar nan da ake biya da baki, a tsaya a ce sannu da aiki, Allah ya ba da lada, a wuce. Mahaƙan su goma ne, kuma bibbiyu suke aiki. Ɗaya yana cikin rami yana tono, ɗaya yana sama yana ture ƙasar da aka watso, ya kai ta nesa don kada ta komo kan na ciki.

A cikinsu babu waɗanda suka daɗe tare kamar Nomau da Bagudu. Nomau dabgi ne, mai dogon hanci da farata masu kaifin fartanya, shi ke shiga rami. Bagudu kuwa gyado ne, gajere mai kaurin wuya da haure biyu, shi ke sama. Rani goma sha ɗaya suka yi tare, kuma babu mai cewa ga ranar da suka yini ba su yi cacar baki ba. Nomau ya ce Bagudu malalaci ne, rabin ƙasar da ya watso a kansa take komowa. Bagudu ya ce ko igiya aka ɗaura wa Nomau a hanci ba zai iya haƙa rami a miƙe ba. Wanda bai san su ba sai ya ce gobe za su rabu. In rana ta take, su zauna a inuwar marke guda, wannan na lasar gara, wancan na taunar saiwa, kowa na yi wa abincin ɗan'uwansa kallon ƙyama.

Dajin yana da majalisa, wadda wata giwa mai suna Gwamma ke shugabanta, ana yi mata laƙabi da Uwar Daji. Kunnuwanta sun fi na kowa faɗi, amma akwai maganganun da sai an maimaita mata sau huɗu, akwai kuma waɗanda ko an maimaita ba sa shiga. Majalisar ce ta ɗauki kyarketai aikin gadi, tun shekarar da kuraye suka riƙa ƙetaro dutse suna ɗauke 'ya'yan barewa. Kurayen kuwa sun ragu, wannan yabo ba a hana wa kyarketai shi.

Kyarkeci da hanci yake aikinsa. Kowace shekara in rani ya kama, duk mazauna dajin sukan yi layi su wuce ta gaban masu gadi a shinshine su ɗaya bayan ɗaya, don a san warin kowa. Dokar kuma a fili take, har 'yan ƙananan zomaye sun haddace ta. In mai gadi ya ji warin da bai sani ba, ya yi kira sau uku, "Tsaya, wane ne?" In ba a tsaya ba, sannan ya kama, ya kai gaban majalisa.

A shekarar da nake ba da labari rani ya yi tsanani. Tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai wani tafki da ruwansa ya yi kore, kullum bakinsa na ja da baya. Idon kowa ya koma kan sabuwar rijiyar da Nomau da Bagudu ke haƙawa a gindin wata tsohuwar kuka. Kwana arba'in suna abu ɗaya, ƙasa na fitowa a bushe kamar gari.

Rana ta arba'in da ɗaya, da hantsi, Bagudu ya tura tulin ƙasa can gefen hanya, taku kamar hamsin daga bakin rami. A daidai lokacin faratan Nomau suka nutse cikin wata farar laka mai sanyi, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsunsa. Mahaƙa suna da al'ada, wanda ya fara taɓa danshi yakan cika bakinsa da lakar, ya fito ya shafa wa abokin aikinsa a goshi kafin ya gaya wa kowa. Nomau ya yi birgima a cikin lakar don murna, ya cika baki, ya fito fari fat daga hanci har wutsiya, ya nufi Bagudu a guje.

Akwai masu gadi biyu, Korau da Cindo, kwance a inuwar tsamiya a bakin hanyar. Iska ta kawo musu warin ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba, warin da babu shi a cikin waɗanda suka shinshina a farkon rani. Suka ɗaga kai suka ga farin abu yana gudu. Ba su yi kira sau uku ba. Ko sau ɗaya ba su yi ba.

Bagudu yana kallo. Shi tun daga nesa ya gane gudun abokinsa, gudun nan na gefe-gefe, ya kuma gane abin da farin ke nufi, har ya fara dariya. Dariyar ba ta gama fita daga bakinsa ba aka kayar da Nomau. Kafin ya iso an gama.

Korau ya ɗago kai yana haki, bakinsa duk laka da jini. Ya ce, "Baba Bagudu, yau Allah ya kiyaye ka. Ka ga abin da ya nufo ka?"

Bagudu ya ce, "Nomau ne."

Cindo ya sunkuya ya shinshina, ya share lakar da ƙafa ya sake shinshinawa. Daga nan su biyun suka dubi juna, suka ce bari su je su sanar da na gaba da su.

Shi ma Bagudu ya tafi ya sanar da majalisa, kuma nan ya yi kuskure, don ya bar gawar ita kaɗai. A dajin nan ungulu ce ke binciken gawa, ba ta jiran a aika mata, kuma hanyar bincikenta guda ɗaya ce tun iyaye da kakanni. Da Bagudu ya dawo da la'asar, abin da ya tarar bai fi abin da zai ɗauka a baki ba. Shi da bai taɓa haƙa rami ba sai turin ƙasa, ya durƙusa ya tona wa abokinsa kabari da haurensa a gindin marken da suke hutawa. Ramin ya fito a karkace. Ya tsaya yana kallonsa, sai a lokacin kuka ya zo masa, ya yi ta yi har muryarsa ta dushe.

To, ga inda maganar ta zama ta kowa. Mahaƙa suna da wata al'ada da ta girmi majalisa, ana ce mata faɗin sanadi. In mahaƙi ya mutu kafin a sha ruwan rijiyar da yake haƙawa, ba mai zura guga sai abokin aikinsa ya tsaya a bakinta a gaban jama'a, ya kira sunan mamacin, ya gaya masa abin da ya kashe shi, sannan ya roƙe shi ya saki ruwa. Sun yi imani in aka yi masa ƙarya, ruwan zartsi zai yi, ba mai iya shansa. Ba kowa ya yarda da wannan ba, amma babu wanda ya yarda a gwada da rijiya ɗaya tak da ta rage. Ga ruwa yana taruwa a gindin kuka, ana jin sanyinsa tun daga baki, ga tafki na ƙafewa, kuma babu mai buɗe rijiyar sai Bagudu.

Kashegari majalisa ta zauna. Bagudu ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ƙare da cewa, "Ranki ya daɗe, ni ba jini nake nema ba. Doka ta ce a yi kira sau uku, ba a yi ba. Abin da nake roƙo, a tsayar da Korau da Cindo a nan inda nake tsaye, a tambaye su a gaban kowa, a yanke musu abin da ya dace. Ran da aka yi haka, ran nan zan buɗe rijiya. Na san halinmu. In aka sha ruwa aka ƙoshi, babu mai sake tuna Nomau."

Gwamma ta kaɗa kunne, ta ce a ji ta bakin Sarkin Gadi.

Sarkin Gadi wani tsohon kyarkeci ne mai suna Dogara, kuma ya iya magana, ba a raba shi da wannan. Ya miƙe a natse ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yan majalisa, jama'a. Babu wanda rasuwar nan ta taɓa kamar mu masu gadi. Nomau namu ne. Ni da kaina nake shinshinar sa kowace shekara, na san warinsa kamar na ɗan cikina. Amma ina so ku sa kanku a matsayin yaran nan. Suna bakin aiki, cikin rana, ku kuna inuwa. Sai ga wani abu fari, mai warin da babu shi a dajin nan, ya nufo dattijo a guje. Da kura ce fa? Da yau Bagudu muke wa zaman makoki, kuna tambayarmu ina muka shiga. Mun yi jinkiri a zage mu, mun yi sauri a zage mu. Maganar kira kuwa, yaran sun tabbatar mini sun yi shi a zuci, lokaci ne bai ba su damar fitar da shi ba. Ban ce kada a bincika ba. A bincika. Amma a tuna, in aka kashe wa mai gadi gwiwa, kuraye na nan bayan dutse, ba su yi ƙaura ba."

Da ya ambaci kuraye sai iyaye suka jawo 'ya'yansu jiki. Babu wanda ya tuna masa cewa a inuwar tsamiya yaran nasa suke kwance. Ya koma ya zauna.

Aka kira ungulu. Ta ce, "Ranki ya daɗe, na bincika gawar ciki da waje, babu inda na bari. A abin da ya rage ban ga shaidar haƙori ko ɗaya ba."

Bagudu ya ce, "Me ya rage?"

Ta ce, "Farata."

Gwamma ta ce wannan magana ce ta masana, a bar wa kwamiti. Aka naɗa wakilai uku. Aka sa Dogara, saboda babu wanda ya kai shi sanin aikin gadi. Aka sa kunkuru, saboda natsuwarsa. Sai kuma hawainiya Tabawa, kakakin majalisa, wadda ba a taɓa jin ta saɓa wa wanda take zaune kusa da shi ba.

Da yammacin ranar sauran mahaƙa takwas suka taru a gindin marke suka zauna da Bagudu. Mahaƙa ba su iya ta'aziyya mai tsawo ba, sun saba da shirun rami. Can wata beguwa mai suna Lanti ta ce, "Kun tuna shekarar da rami ya rufta da ni a bakin kalgo? Kowa ya ce a haƙura, an riga an fara yi mini addu'a. Nomau ya ce shi bai ga gawa ba. Tun hantsi yake tono har rana ta yi ja, ya jawo ni ta ƙafa, ƙayoyina duk a hancinsa. Ban gama numfashi ba ya fara zagina, wai wace irin mahaƙiya ce ba ta jin ƙasa in za ta zubo. Kwana bakwai yana zagina." Aka yi dariya, dariyar ta koma hawaye, wani ya ce Allah ya jiƙan rai, aka shafa. Kafin su watse suka ce wa Bagudu ya riƙe rijiyar, suna bayansa.

Kwamiti ya yi kwana tara yana zama. An kira Bagudu sau ɗaya, aka saurare shi da ladabi, sannan aka lura cewa kusancinsa da mamacin ya yi yawa, ga shi kowa ya san idon gyado ba ya gani nesa. An kira wani kurege da ke da rami a gindin tsamiyar, wanda a ranar da abin ya faru ya ba rabin daji labari tiryan-tiryan. A gaban kwamiti, Dogara na kallonsa, sai ya tuna cewa a lokacin barci yake. Korau da Cindo ba a kira su ba, an ce har yanzu suna cikin alhini, kada a dame su.

A cikin kwanakin nan tafki ya koma taɓo. 'Yan majalisa ba su ji a jikinsu sosai ba, yawancinsu masu dogayen ƙafafu ne, sukan yi sammako su sha a inda suka sani su dawo kafin a zauna. Ƙananan dabbobi su ne suka koma lasar laka. Abin da zai ba ka mamaki, in ba ka san jama'a ba, shi ne yadda fushinsu ya juya. Kwana uku na farko ana ta zuwa yi wa Bagudu gaisuwa, ana cewa Allah ya isa. A kwana na biyar masu gaisuwa suka ragu. A na bakwai aka fara cewa tsohon nan taurin kai gare shi, wanda ya mutu ya mutu, so yake ya kashe sauran. Gyado ya fi kyarkeci sauƙin zagi, shi ya sa babu wanda ya je inuwar tsamiya ya faɗi ko rabin wannan.

Bagudu kuwa kullum yana zaune a bakin rijiyar. In rana ta take ya koma inuwar marke, ya tono saiwa, ya ajiye bai ci ba. Abin da ya fi damunsa shirun ne. Rani goma sha ɗaya ana zaginsa daga cikin rami, yanzu in ya leƙa sai ya ga fuskarsa a kan ruwa. Ya yi kewar Nomau kewa mai tsanani, har wani lokaci ya ji kansa yana rama zagin da ba a yi masa ba.

Rana ta goma Tabawa ta zo masa, tana takunta ɗai-ɗai kamar ƙasar na da zafi. Ta hau tulin ƙasa, ta koma launin ƙasar, ta ce, "Malam Bagudu, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Nomau, ya sa ya huta. Kwamiti ya gama aiki, na ce bari in zo da kaina kada ka ji a bakin wani. An duba komai, an gano sanadi. Farar laka ce. Da bai shafa ta ba, da an ji warinsa. Da bai cika baki da ita ba, da ya yi magana. Ka ga ke nan babu ƙarya a ciki. Abin da majalisa ke so, gobe ka tsaya ka ce, Nomau, farar laka ce ta kashe ka. Shi ke nan, a sha ruwa. Har an yi shawarar a sa wa rijiyar sunansa."

Bagudu ya ce, "Lakar tana da haƙora ne?"

Ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ta ce, "Haba Malam, ai kwamiti ya duba ta kowane gefe."

"Yaran fa?"

"An hukunta su. An ɗauke su daga inuwar tsamiya, an mai da su inuwar ɗorawa."

Ya ce, "Koma ki ce wa Uwar Daji ban ji ba. Ita ma ta san irin wannan larurar."

Da ya so, da ya ci gaba da zama har damina, don gyado na jure ƙishi. Ba Tabawa ce ta karya shi ba. Da la'asar sakaliya wata barewa mai suna Hansai ta zo, haƙarƙarinta duk a waje, ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta zage shi ba, da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Baba, ni ban zo in ce ba ka da gaskiya ba. Ina nan ranar, ina bayan sabara, na gani da idona, ba su yi kira ba. Ban faɗa ba, don ta gabansu nake wucewa kullum ni da 'ya'yana. Ka ce mini matsoraciya, na amsa. Amma nonona ya ƙafe tun shekaranjiya. Na baro ƙaramin a kwance, ko kunne ba ya iya ɗagawa. Su waɗanda kake jira su ji kunya, Baba, sun sha ruwa da safe. Mu kake riƙewa, ba su ba. Nomau kwana arba'in ya yi a ramin nan don mu sha. Ka faɗi duk abin da za ka faɗa, laka ko haƙori, amma don Allah ka faɗa gobe."

Bagudu ya san abin da zai rasa. Rijiyar nan a rufe ita kaɗai ce abin da ke hannunsa, ran da guga ya shiga, maganar Korau da Cindo ta mutu. Ya kuma san Hansai ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Can ya ce, "Je ki, 'yata. Gobe ki yi sammako, ki tsaya a gaba."

Gari na wayewa daji ya taru a gindin kuka. Birai suka zo da guga da igiya, suka jera komayen zuba ruwa. Gwamma ta tsaya a inuwa, Dogara a damanta, Tabawa a kan reshe. Korau da Cindo ma suna nan, su aka sa gyaran layi. Bagudu ya matsa bakin rijiya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yadda gyado ke yi, ya zura kai ciki. Muryarsa ta sauka ta dawo da ƙarfi, har na ƙarshen layi suna ji.

"Nomau. Dogon hanci, ni ne. Ka samu ruwa, na gani. Ramin a karkace yake kamar kullum, amma ka samu. An ce in gaya maka farar laka ce ta kashe ka. Kai ka san laka, ni ma na san ta, sau tara kana shafa mini ita a goshi, ba ta taɓa kashe kowa ba. Korau da Cindo ne suka kashe ka. Ga su nan tsaye. Ba su yi kira ba, ko sau ɗaya. Wanda ya koya musu cewa cizo ya fi tambaya sauri, shi ma yana nan. Waɗanda suka gani suka yi shiru suna nan, su ban ga laifinsu sosai ba. Ni ma ina da nawa. Na gane ka tun daga nesa, da na ƙwala maka kira wataƙila da sun ji sunanka, sai na tsaya dariya. Wannan da shi zan kwana, da shi zan tashi. Na so in tsayar maka da su gaban shari'a kafin a taɓa ruwanka, ban iya ba, ka yafe mini. Akwai yara a nan da ba su san komai ba. Ka saki ruwa."

Wurin ya yi tsit. Cindo ya sunkuyar da kai. Korau ya dubi Dogara, Dogara ya dubi gabansa. Shirun ya kai kamar numfashi uku, kuma ni a ganina da ya kai goma da labarin nan ya canza. Amma wani biri ya riga ya saki igiya, aka ji guga ya faɗa ruwa, kawunan jama'a duk suka juya.

Aka zuba a komi. Bisa al'ada abokin mamaci ke fara ɗanɗanawa, Bagudu ya sa baki. Ruwa ne garau, mai sanyi, babu ko alamar zartsi, tun da yake bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Ya ja da baya ya ba Hansai wuri, hawaye na bin haurensa. Daga nan layi ya watse, aka yi ta turereniya, sai da masu gadi suka nuna haƙora sannan aka natsu.

Da aka ƙoshi, Tabawa ta yi gyaran murya daga kan reshe, ta koma kore shar. Ta ce, "Jama'a, a madadin Uwar Daji da majalisa, muna godiya ga Malam Bagudu. Mun ji kalamansa, kalamai ne na wanda ke cikin zafin rashi, ba kuma za a riƙe shi da su ba. Abin lura shi ne wannan. Kun sha ruwa, kun ji daɗinsa. Mamacin da ke riƙe da wani a zuci ba ya sakin ruwa irin wannan. Nomau ya yafe. To, wanda aka yi wa ya yafe, mu su wane ne da za mu tsananta? Majalisa ta rufe maganar. Allah ya jiƙansa."

Jama'a suka ce amin. Cikinsu cike yake da ruwa, maganar ta kwanta musu.

Bagudu ya ce, "Don an faɗi gaskiya ne ruwan ya yi daɗi." Amma a waje muryarsa ba ta kai yadda take a cikin rami ba, Gwamma kuma ta riga ta juya ta kama hanya.

Bayan kwana biyu majalisa ta fitar da sabuwar doka, don kada irin wannan ta sake faruwa, in ji ta. Daga ranar, duk mahaƙin da zai fito daga rami sai ya wanke jikinsa tas, yadda masu gadi za su ji warinsa, wanda kuwa ya fito da ƙasa a jiki, abin da ya same shi shi ya jawo. Mahaƙa suka je suka tambaya cikin ladabi, da wane ruwa za a yi wankan a ramin da ba a kai ga ruwa ba. Aka ce tambaya ce mai kyau, za a duba.

Ba su yi bore ba, ba su ɗaga wa kowa murya ba. Da rani ya zagayo, wannan ya ce bayansa ke ciwo, wancan ya ce faratansa sun dakushe, Lanti ta kwashe kayanta ta koma wajen danginta. Majalisa ta samo wani dabgi daga nesa, aka kawo wa Bagudu shi don su yi aiki tare. Bagudu ya dube shi ya ce, "Malam, kana da iyali?" Ya ce yana da su. Bagudu ya ce, "To koma musu."

Rijiyar Nomau ta shekara huɗu tana shayar da dajin. A ta biyar ta rufta, kamar yadda rijiya ke yi in babu mai yasa.

Har yau, duk shekara in majalisa ta zauna yabon kanta, Tabawa takan miƙe ta ce tun da aka kafa dokar wanka ba a sake kashe mahaƙin rijiya ko ɗaya a dajin ba. A cikin masu tafiyar yini biyu neman ruwa da rani, babu wanda ya taɓa ƙaryata ta.